Ɗan jagoran da ya zaga da mu birnin Fas, inda ya burge ni da inda muka kusa ɓatawa

Tun da muka dawo mutane ke tambayata wai shin dole ne sai mutum ya ɗauki ɗan jagora idan ya je Fas ta ƙasar Maroko ko kuwa asarar kuɗi ce kawai, toh bari in faɗi yadda tamu ta kasance kowa ya auna da kansa. Ni da Baffana muka je, shi ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani ce ta kai shi, shekara da shekaru yana maganarta, ni kuma ɗan rakiya ne mai riƙe jaka da fasfo, amma gaskiya nima ina son ganin gari. Daga Legas muka tashi muka sauka Kasabalanka, daga nan jirgin ƙasa wajen awa huɗu zuwa Fas, lokacin sanyi ne kuma sanyin nasu ba irin hunturunmu bane, mai laima ne yana shiga ƙashi.

Masaukin da muka sauka irin tsofaffin gidajen nan ne na cikin ganuwa da suke ce wa riyad, daga waje ƙofa ce ƙarama kamar ta zauren talaka amma kana shiga sai ka ga tsakar gida da famfo a tsakiya da bene hawa uku. Mai gidan ne ya haɗa mu da ɗan jagoran, yace mai lasin ne daga ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma da ya zo da safe na ga bajinsa rataye a wuya da hotonsa. Wannan ku kula da shi, don a bakin kowace ƙofa akwai samari da zasu tare ka suce hanyar can a rufe take zo in nuna maka wata, ƙarya ce, shagon wani zasu kai ka. Mun yi ciniki a kan dirhami 400 na yini guda, ban da kuɗin shiga wurare da abinci da kuɗin mota.

Mutumin dattijo ne tsaf, jallabiya mai hula, yana jin Faransanci da Turanci da Larabci. Abin da ya fara burge ni shine da ya ji Baffa yana larabcin littafi sai ya ajiye darijarsu, wato larabcinsu na gida, ya koma fusha, wato na littafin, don darijar nan wallahi ko ka sauke Alfiyya ba lallai ka tsinci komai ba, haɗiye wasulla suke yi kamar ana korarsu. Daga nan ya riƙa kiransa Sidil Hajj, Baffa kuwa sai washe baki.

Da safe da mota ya fara kai mu. Tasi ɗinsu ƙanana jajaye ne kuma mutum uku kawai suke ɗauka, mu uku cif, don haka in kun fi haka ku san da lissafin mota biyu. Ya kai mu ƙofar fadar sarki da ke Fas Jadid, wato sabuwar Fas, wadda sabuntar tata tun 1276 ce lokacin sarakunan Banu Marin, kaga inda sabo ya kai shekara 700 ai sai a yi shiru. Ba a shiga fadar, ƙofofin tagulla guda bakwai kawai zaka tsaya ka kalla ka ɗau hoto, minti goma ya isa. Kusa da nan ne Mallah, tsohuwar unguwar Yahudawa, kuma ya nuna mana wani abu da ni kaɗai da bazan lura ba: gidajen can barandarsu ta katako tana kallon titi, alhali gidajen Musulmin cikin gari duk ciki suke kallo, bango ne kawai a waje. Yanzu Yahudawan kusan duk sun tashi, masu sayar da gwal da kayan ƙwalam ne a layin. Daga nan muka hau tudu wajen Burj Nord, ganuwar soja ce da Ahmad al-Mansur ya gina a 1582, shi ne dai sarkin da rundunarsa ta ci Songhai a 1591, yanzu gidan tarihin makamai ne. Daga saman nan zaka ga garin gaba ɗaya kwance cikin kwari, rufin kore na masallatai, hasumiyoyi ba adadi, da farantan dish a kan kowane soro. Nan ne na gane dalilin da yasa mutum ke ɓata a ciki.

Inda na fara jin wani iri shine wajen masu tukwane da tayil a Ain Nokbi. Aikin kam abin kallo ne, mutum na zaune a ƙasa da ƴar guduma mai kaifi yana sare tayil ƙanana ƙanana, tauraro, kusurwa, sannan a jera su a kife a zuba siminti ta baya, sai an juyo kaga zanen ya fito. Minti 15 aka yi ana nuna mana aikin, sannan aka shigar da mu ɗakin sayarwa aka bar mu kusan minti 40, jagoran ya ɓace wai ya je shan shayi. Ni ɗan Kano ne, a Kwari na tashi, na san ƙamshin kamasho tun daga nesa. Ban ce komai ba tukuna.

Wajen ƙarfe goma da rabi muka shiga tsohon garin, Fas al-Bali, ta Bab Bujulud, ƙofar nan da kowa ke ɗora hotonta, shuɗiya ta waje koriya ta ciki. Jagoran da kansa yace kar ta ruɗe mu, jaririya ce a garin, 1913 aka gina ta zamanin Faransawa. Garin kuwa tun ƙarshen ƙarni na 8 Idris na farko ya kafa shi, ɗansa Idris na biyu ya raya shi, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1981. Daga ƙofar hanya biyu ce ke gangarawa, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, kuma ga wata dabara da ya koya min wadda ita kaɗai ta biya rabin kuɗinsa: in kana gangara to tsakiyar gari kake nufa wajen masallacin Ƙarawiyyin da kogi, in kana hawa to fita kake yi. Google Maps kuwa a lungunan nan haukacewa yake, ɗigon ya riƙa tsalle daga soro zuwa soro. Ana cewa lungunan sun kai 9,000, ban ƙirga ba amma ban musa ba, wani lungun in mai ƙiba ne sai ya karkace.

Mota bata shiga, babu ko Keke Napep, jaki da alfadari da kura su ne motocin. In kaji an ce balak balak to manne da bango, alfadari ne ɗauke da tukwanen gas ko fatu kuma bashi da birki. Sau biyu jagoran yana janye Baffa ta hannun riga. Kuma a nan zan yaba masa, ya lura tsoho ne da ciwon gwiwa sai ya rage sauri, duk inda aka samu dakali sai yace Sidil Hajj a ɗan huta, ya fake da bayani.

Madarasar Bu Inaniyya ita ce wuri na farko da na tsaya baki buɗe. Sarki Abu Inan ya gina ta tsakanin 1350 da 1355, makaranta ce da ɗakunan kwanan ɗalibai a sama kuma masallacin Juma'a ce har da hasumiyarta. Dirhami 20 muka biya kowa. Bangon hawa uku ne na ado, ƙasa tayil, tsakiya farar ƙasa da aka sassaƙa kamar leshi, sama katako mai ƙamshi da suke sarowa daga duwatsun Atlas, ba inda zaka ɗora tafin hannu baka taɓa zane ba. Baffa ya tsaya yana karanta rubutun jikin bango da ƙarfi, jagoran yana mamaki wai yawancin baƙin da yake kawowa ko Larabawan gabas sai sun yi ta tuntuɓe. Baffa yace masa ai da wannan rubutun muka yi allo, fa ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, kuma Warshu muke karantawa kamar ku, Malikiyya muke kamar ku. Daga nan hirar tasu ta canza, ya daina yi mana haddar da yake yi wa Turawa. A tsallaken titin akwai Darul Magana, agogon ruwa na zamanin, tagogi 12 a jere, ya daɗe da daina aiki, sai an nuna maka ma zaka ɗaga kai.

Muka gangara ta layin mahauta inda na ga kan raƙumi rataye a ƙofar shago, ta masu zaitun da dabino, har Najjarin, dandalin kafintoci, da famfon nan mai ado da funduƙ ɗin da aka gina a 1711. Funduƙ masaukin fatake ne, ƙasa dabbobi da kaya da ma'auni, sama ɗakuna, in ka san yadda gidajen fatoma suke a da toh shi ne amma na masu kuɗi. Yanzu gidan tarihin kayan katako ne, akwai alluna ma a ciki. Sai hubbaren Maulaya Idris na biyu, a lungunan da ke zuwa wajen an gitta katako daidai kai don kar dabba ta wuce, an cika da masu sayar da kyandir da turare da alewa. Mun shiga mun yi addu'a mun fito. Madarasar Attarin ta 1325 ƙarama ce amma ni ta fi min Bu Inaniyya kyau, ku hau sama ku leƙa ɗakunan ɗaliban, wani ɗakin ko tabarma biyu bazai ci ba, sai na tuna ƙorafin da muke yi a hostel.

Toh ga inda muka kusa ɓatawa. Tun da safe Baffa ya faɗa masa cewa azahar a Ƙarawiyyin yake so ya yi, la'asar kuma a zawiyar Shehu. Masallatan Maroko da yawa ba a buɗe suke wuni ba, lokacin sallah ake buɗewa a rufe bayan an idar, in ka kuskure shikenan sai wata sallar. Muna daf da masallacin sai jagoran yace akwai sauran lokaci bari mu leƙa wata ƙungiyar masu saƙar darduma, wai daga soronsu ana hango gari. Hangen minti biyu ne. Muna saukowa aka zaunar da mu aka kawo shayin na'a-na'a, yara biyu suka fara warware kafet ɗaya bayan ɗaya har suka yi tudu a gabanmu, wannan na ƙabilar Barbar ne wannan na Fas ne wannan ulu ne zalla, mai shagon na cewa kallo kyauta ne. Kunya ta kama Baffa don ya sha shayin mutane, har ya fara tambayar farashin wata ƙaramar dardumar sallah, aka ce dirhami 1,800. Ina jin kiran sallah na miƙe nace Baffa tashi mu tafi, na juya na gaya wa jagoran a gaban mai shagon cewa mu ba siyayya muka zo ba, in akwai sauran shago a lissafinsa ya cire, in kuma kamashon ne matsala ya faɗa in ƙara masa a kan kuɗinsa. Fuskarsa ta canza, yace a'a wallahi ba haka bane, amma dai daga nan bai sake ba. Raka'a ɗaya ta wuce mu.

Ba wai ina cewa mugu bane, tsarin ne haka, kuɗin yinin ba shi ne cinikin ba, la'adar shaguna ita ce cinikin, kuma hanyar da suke bi an tsara ta ne don Bature mai kyamara wanda bazai shiga masallaci ba, don wanda ba Musulmi ba daga bakin ƙofa yake leƙe. Mu da muke da damar shiga ciki mu zauna, lokacinmu daban ya kamata a raba shi. Laifina ne da ban zaunar da shi tun a masauki na faɗa masa baki da baki ba.

Ƙarawiyyin kuwa duk haushin da na shiga da shi a bakin ƙofa na bar shi. Wata baiwar Allah Fatima al-Fihriyya ce ta gina shi a 859 da gadon mahaifinta, mutanen Ƙairawan ne ta Tunisiya shi yasa sunan, ƴar uwarta Maryam kuma ta gina masallacin Andalus a ɗaya tsallaken kogin. Daga waje bazaka taɓa sanin girmansa ba don shaguna sun manne masa ta ko'ina, sai ka shiga kaga ginshiƙai farare layi layi har ido ya gaji, tsakar gida da tayil da wurin alwala, ruwan kamar ƙanƙara. A nan aka yi ta karatu sama da shekara dubu. Jagoran yace Hasan al-Wazzan da Turawa ke kira Leo Africanus a Fas ya tashi ya yi karatu, na ce masa ai mun san shi, ya rubuta labarin Kano da Katsina da Zazzau a littafinsa, sai ya zama ni ke yi masa jagora na minti biyar. A bayan masallacin akwai dandalin Saffarin inda maƙeran tagulla ke bugun manyan tukwane, ƙarar kamar ana kiɗan ƙwarya da guduma, ƙofar tsohon laburaren ma a nan take.

Abincin rana na ce bana son gidan da ake kai baƙi, ya kai mu inda shi yake ci. Wani ɗan shago mai benci biyu, bisara, wato faten wake da aka niƙa aka zuba man zaitun da barkono da wani kayan ƙamshi da suke ce wa kamun, da burodinsu mai faɗi, ga zafi ga arha, a sanyin nan ba abin da ya fi shi. Baffa dai yace ba yaji, ya ciro ƙullin yajinsa daga aljihu, mai shagon ya ɗanɗana ya yi ta tari muna dariya.

Majemar Shuwara ba yadda za a yi ka ganta sai ta cikin shagon masu fata, don barandarsu ce ke kallon ramukan, wannan kam ba laifin jagora bane kuma ya faɗa mana tun kafin mu hau cewa ba dole mu sayi komai ba. A ƙofa ake miƙa maka ganyen na'a-na'a ka toshe hanci. Ramuka ne birjik, farare na farar ƙasa da kashin tattabara inda ake jiƙa fata gashi ya zube ta yi laushi, sauran kuma na rini, ja da ruwan ƙasa da shuɗi, mutane tsundum har cinya suna tattakawa, rawayar kuma a kan soro ake shanya ta. Turawa na ta yamutsa fuska, ni kam wanda ya taɓa wucewa ta majema a Kano warin ba baƙo bane, girman wurin da tsarin ne ya fi namu. Mai shagon ya fara min wa'azin fatar Maroko babu irinta a duniya, na ce masa ya tambayi kakanninsa, fatar jar akuyar Sakkwato da raƙuma suka riƙa tsallakowa da ita Sahara ita Turawa suka yi ta saye da sunan fatar Maroko. Yayi dariya yace toh ɗan uwa sai ka saya da farashin ɗan uwa. Takalmin nan nasu mai tsinin baki da suke ce wa balga ya sa min 350, na taya 100, ya rantse na rantse, na kama hanyar matakala ya kira ni, a 150 aka sallama. In baka iya ciniki ba kar ka buɗe baki a garin nan, in kuwa ka iya to gida ne.

Zawiyar Shehu Tijjani tana unguwar Blida, tafiyar ƴan mintuna daga Ƙarawiyyin, zaka gane ta da hasumiya mai koren tayil da ƙofa mai ado. Tun kafin ka isa zaka fara cin karo da baƙaƙen fata cikin manyan riguna, ƴan Senegal sun fi yawa, ga ƴan Mali, ga namu na Najeriya da Nijar, masu shagunan layin ma har sun iya sannu da ina kwana, suna sayar da carbi da littattafai da turare. Shehu a Ainu Madi ta Aljeriya aka haife shi a 1737, ya zauna Fas daga 1798 zamanin Sarki Maulaya Sulaiman, ya rasu a 1815, kabarinsa na cikin zawiyar. A nan jagoran ya yi abin da ya wanke laifinsa a wurina, yace shi ba ɗan ɗariƙa bane kuma wannan wurin ba na bayani bane, zai jira mu a waje duk daɗewar da zamu yi. Ya kuwa jira, sama da awa ɗaya da rabi a cikin sanyi, bai turo yaro ba bai leƙo ba. Baffa yana shiga ya fashe da kuka, ni ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da aka binne Inna, sai na koma gefe na zauna na bar shi. Muka yi la'asar, aka shimfiɗa farin ƙyalle aka yi wazifa, na kusa da ni Bawolofe ne na gaba Balarabe, ba mai jin yaren wani amma Salatul Fatihi baki ɗaya take fita.

Da muka fito ya raka mu har ƙofar masauki ta wata gajeriyar hanya mara hawa sosai saboda gwiwar Baffa, ya kuma zana min taswira a bayan katinsa yadda zamu koma zawiyar da kanmu washegari don zikirin Juma'a, da gargaɗin cewa ranar Juma'a yawancin shagunan cikin gari a rufe suke, in akwai tsaraba a bari sai Asabar. Na cika masa 400 ɗinsa na ɗora 50, Baffa kuma ya zare hular kansa ta zanna ya bashi.

In maki ne zan bashi uku da rabi cikin biyar. Ilimi yana da shi, ladabi yana da shi, haƙuri da tsoho ba magana, shagunan nan biyu ne suka ci masa ɗaya da rabi, sun kuma cinye mana lokacin da ya kamata mu ga lambun Jinan Sabil da ɓangaren Andalus, sai daga baya na je ni kaɗai. Shawarata ku ɗauka amma na rana ɗaya kawai, ranar farko, rabin yini ma ya isa in ba kwa son zagayen mota. Ku tura masa saƙo ta WhatsApp tun dare ku rubuta masa a fili: ba shagon kafet, ba shagon man argan da suke tallata wa baƙi, ga sallolin da muke so da inda muke so mu yi su. Ku sa takalmi mai kama ƙasa don duwatsun na da santsi in an yi ruwa, ku riƙe canji ƙanana, masu tsoho kuma ku nemi masauki ta wajen dandalin Rasif, can ƙasa ne kusa da zawiya kuma tasi na isowa har dandalin, mu da muka sauka ta sama kullum dawowa hawa ce kamar Dala.

Washegari da taswirar tasa muka fita, duk da haka sai da muka ɓata sau biyu, na biyun wani yaro ɗan makaranta ne ya ga carbin Baffa yace Tijani? muka ce eh, ya wuce gaba muna binsa har ƙofa, na miƙa masa dirhami biyar ya ƙi karɓa, ya sumbaci hannun Baffa ya ruga.